Ɗakin da Ya Ruɗi Magini

Tun ranar da na koma bakin aiki malaman makarantarmu suka hana ni sakat. Da an fita tara sai a kewaye teburina, wannan ta ce Malama Hajara yaya Masar, waccan ta ce kin hau dalar Fir'auna, wata kuma abin da ya dame ta shi ne ko da gaske abaya ta fi arha a can. Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma kullum sai na tsallake wani wuri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wadda ta tambaya in miƙa mata. Amma in faɗa tun yanzu, dala daga nesa na hango ta ta gilashin mota, kasuwa kuma sau ɗaya na shiga. Ni jinya na kai.

Mahaifina, Malam Tanimu, magini ne a cikin birnin Zariya. Ya haura shekara hamsin yana yaɓe da zanen fuskar gida irin na da, wanda ake fitar da dagi da sauran ado a jikin bango tun yaɓen yana ɗanye. Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, har ta kai da murya yake gane mutane. Aikin cire ta ana yin sa a nan gida, amma sau biyu ana ba shi rana yana zillewa. Ta farko ya ce zazzaɓi, ta biyu ya tafi ƙauye ta'aziyyar wani da ko Inna, mahaifiyarmu, ba ta san shi ba. Ƙanena Nura, wanda ya shekara shida yana karatun addini a Alƙahira, shi ya kawo dabara. An yi masa haihuwa, ya sa wa yaron sunan Baba, sai ya ce a kawo tsohon ya sa wa takwaransa albarka, in ya so a can babu ƙauyen da zai gudu. Ni aka ɗora wa rakiya domin na ci sunan mahaifiyarsa. Uwata yake ce mini, kuma ni kaɗai ce in na ce ya sha magani yake sha.

Tsakanin Baba da Nura babu faɗa, amma babu hira. Nura ne kaɗai namiji a cikinmu, shi aka sa ran zai ɗauki cokalin gini, sai ya ɗauki littafi. Baba bai taɓa cewa uffan a kan haka ba. Sai dai in suka yi waya, daga ya karatu ya sanyi sai a miƙo mini.

Mun bar Zariya da safe, mijina ya kai mu Kano. Inna ta cika jaka guda da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin jego, ta ce na matar Nura ne. Ta rako mu har zaure, ta ce wa Baba in ya je ya bari a yi. Ya ce to. A nan na gane tsohon ya san dabararmu tun farko, ya dai ƙyale mu ne.

Baba bai taɓa shiga jirgi ba. Yana da wata ɗabi'a, duk ɗakin da ya shiga sai ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa ya kasa kunne. Muna zama ya ƙwanƙwasa jikin jirgin, ya yi jim, ya ce mini a hankali wannan ai fanko ne. Daga nan sai carbi har muka sauka. Abincin da aka kawo ma burodin kaɗai ya gutsura.

A filin jirgin Alƙahira fasfo da katin rigakafi ba su ba mu wahala ba, jakar Inna ce ta tsayar da mu. Wani jami'i mai gashin baki ya zuge ta, daddawa ta gaishe shi, ya ja da baya. Ya ɗaga ƙullin kuka ya juya shi, ya yafito abokin aikinsa, suka tsaya suna kallon koren garin nan suna kallonmu. Ni Larabcina bai wuce na salla ba. Baba kuwa ya yi karatun littattafai a zaure, sai ya gyara tsayuwa, ya ce da irin muryar da ake jan baƙi da ita, "Haza ɗa'amun ɗayyibun," wato wannan abinci ne mai kyau. Mutanen suka dubi juna suka tuntsure da dariya, ba ta raini ba. Ɗayan ya dangwali kukar ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya zubo wa Baba magana kamar ruwan sama, ya rufe jakar da kansa. Muna tafiya Baba ya tambaye ni wane yare mutumin ya yi. Na ce Larabci. Ya ce a'a, sai dai ƙanensa.

Nura na jiranmu a waje. Ya durƙusa har ƙasa, Baba ya ɗago shi ya shafa fuskarsa, ya tsaya a gemun, ya ce ashe ka tara. Shi ke nan gaisuwar shekara shida. A tasi kuwa direbobi sai danna oda suke babu dalili, har Baba ya tambaya ko ɗaurin aure ake a garin. Direban ya kira shi Hagg. Su Misirawa haka suke faɗin Alhaji, kuma duk mai furfura Hagg ne a wurinsu. Baba bai sauke farali ba, don haka ya sa Nura ya yi wa mutumin bayani. Direban ya ce in sha Allah, ya Hagg. Haka aka yi ta yi har muka baro ƙasar, yana gyarawa suna maimaitawa.

Unguwar su Nura ana ce mata Hay el-Sabi', dogayen benaye ne jere, ƙasansu shaguna, samansu ɗalibai daga kowace ƙasa. Kana tafiya sai ka ji Hausa ta tashi a bayanka, amma wadda aka barbaɗa wa Larabci: yalla mu tafi, khalas na gama, komai tamam. A hawa na biyar suke. Abin hawan gidan, wato lif, da an rufe ƙofa ya motsa sai wata murya ta fara karanta addu'ar tafiya. Baba ya ɗaga hannu yana amin. Kafin a kai ƙarshen addu'ar mun iso, muryar ta yanke, shi kuwa ya ƙi fita sai da ya ƙarasa ta da bakinsa.

Rukayya matar Nura 'yar Katsina ce, ta karɓe mu hannu bibbiyu. Ɗaki biyu ne da falo, suka bar wa Baba ɗaya, ni da ita da jaririn muka shige ɗaya, Nura ya koma falo cikin littattafansa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne cefane. Rukayya ba ta sauka, kwando take zurawa da igiya daga baranda, ta ƙwala wa mai shago kira, ya zuba gurasa da tumatir ta jawo. Na ce da a unguwarmu ne, kafin kwandon ya kai sama awaki sun yi masa rakiya. Da safe wake ake ci dafaffe da mai da lemun tsami, suna ce masa ful, da wani ƙosai kore a ciki. Akwai wata miya da suke ji da ita, mulukiyya, aka kawo mana ita da girmamawa. Baba ya kai loma ɗaya ya ce wannan ai lalo ne. Zoɓo ma yana nan, sunansa kawai aka sauya. Abin da ya gagare shi shi ne koshari, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya. Ya ce ko dai mai dafawar ba ta yanke shawara ba ne.

A kwana na uku muka haɗu da Usta Ramadan. Usta shi ne abin da suke kiran wanda ya ƙware a sana'ar hannu. Mun shiga abin hawa za mu je ganin likita sai ga wani gajeren dattijo mai tumbi ya shigo da ledar gurasa, maƙwabcin su Nura ne na hawa na shida. Ya miƙa wa Baba hannu, Baba ya karɓa ya ƙi saki. Ya bi tafin da babban yatsa, ya shafa gefen yatsun, ya ce wa Nura, "Tambaye shi shekararsa nawa yana yaɓe." Nura ya ji kunya, ya ce Baba ba a haka a nan. Baba ya ce ya dai tambaya. Da mutumin ya ji tambayar sai ya ajiye gurasarsa, ya kamo hannun Baba shi ma ya duba, ya rungume shi. Farar ƙasa ta ci hannunsa kamar yadda laka ta ci na Baba. Nura ya shekara biyu suna gaisawa, bai taɓa sanin sana'ar mutumin ba.

Daga ranar kullum la'asar sai Usta ya sauko da butar shayinsa. Su zauna a baranda, wannan na Hausa wancan na Larabci, hannuwa na yawo a iska ana nuna kauri da tsawo. In abin ya cije a kira Nura.

An yi wa Baba aikin idon dama a kwana na shida. Likitan ya ce ɗaya-ɗaya ake yi, na hagu sai bayan kwana goma. Washegari da aka cire audugar, Rukayya ta miƙa masa jaririn. Ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin gefen hancinsa, ban san ko na magani ne ko na wani abu ba. Sannan ya ɗaga kai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi silin ɗin ɗakin, ya ce kusurwar can ba ta tafi daidai ba. Muka yi ta dariya har likitan ya nemi a fassara masa.

Murnata ba ta yi kwana biyu ba. Baba ya kira ni ya ce in shirya kaya, ido ɗaya ya ishe shi. Ya ce mutumin da ya shekara uku a duhu aka ba shi fitila, in ya ce sai biyu ya yi butulci. Na san ba nan gizo ke saƙar ba. Ba a sa shi barci ba lokacin aikin, ya ji duk motsin da aka yi a cikin idonsa, kuma ya tsorata, abin da ba zai taɓa faɗa ba. Na lallashe shi, na yi fushi, na kira Inna ta yi magana, duk a banza. Nura ya kawo hujjoji a kan neman magani, Baba ya saurara har ƙarshe ya ce Allah ya ƙara ilimi. Alhali ina gani in zai zuba shayi rabi a faranti yake zuba, in zai sauka daga dakali sai ƙafarsa ta nemi ƙasa ta rasa. Likita ya ce haka mai ido ɗaya yake, ba ya iya auna nisa. Baba ya ce kofunan Masar ne ƙanana. Ni kuwa tunanina tsani. Na san da mun koma gida zai hau shi, kuma daga kan tsani ba faranti ake zuba ba.

Ana cikin haka Usta ya gayyace mu wurin aikinsa. Wani tsohon gidan sarauta ne a tsakiyar gari, kusa da kogi, wanda wani attajiri ya gina a zamanin sarakunansu, daga baya aka mai da shi makarantar 'yan mata, yanzu kuma ana gyara shi. Na ƙi da farko saboda ƙura. Usta ya ce ranar Asabar ba a kankare bango, kuma shugabar aikin da kanta ta ce a kawo maginin Nijeriya. Na sa wa Baba baƙin tabaran da likita ya ba shi muka tafi mu huɗu.

Shugabar, Doktora Salwa, doguwar mace ce da farar riga irin ta asibiti, duk ta yi dabbare-dabbare da launi. Ta bi da mu ta wani dogon soro cike da katakon hawa da buhuna, muka hau matakala, ta buɗe wata ƙofa ta ce Hagg ya fara shiga. Baba ya cire tabarau ya shiga, ina biye da shi.

Ɗaki ne babba, babu komai a cikinsa. Amma ta gabas a buɗe yake. Ginshiƙai huɗu na farin dutse, a bayansu baranda mai ɗan gajeren shinge, an yafa jan mayafi a kan shingen, can gaba kuma lambu da itatuwa da ruwa har inda ido ya tsaya. Sama kuwa tulluwa ce mai zurfi, da ƙofar haske a tsakiyarta. A gefe guda wata ƙofa a buɗe rabi, wata mata ta leƙo da kanta. Ni ma da farko na ɗauka gaske ne, amma cikin ƙiftawa biyu na ga ai fenti ne, har ga wurin da ya ɓamɓare.

Baba bai ga haka ba. Ya sunkuyar da kai ya yi wa matar sallama, ya kauce mata. Ya ɗaga kai ya dubi tulluwar ya tambayi Nura me ke riƙe da ita, don bai ga bakan gizo irin wanda ke riƙe rufin soro ko ɗaya ba. Kafin Nura ya buɗe baki ya nufi barandar yana cewa bari ya sha iska. Na ce Baba, amma ya riga ya miƙa hannu zai dafa ginshiƙi. Hannun ya daki bango tun kafin inda ya sa rai, goshinsa ya biyo baya, hularsa ta faɗi.

Na ruga na riƙe shi ina duba idon. Babu abin da ya same shi, goshin ma ɗan ja kawai ya yi. Usta ya ɗauko hular ya kakkaɓe, ya rasa yadda zai miƙa ta. Baba ya tsaya da tafinsa a kan bangon, ya shafa sama ya shafa ƙasa, ya bi inuwar ginshiƙin da yatsa. Na san fuskar mahaifina, ban taɓa ganin kunya irin wannan a kanta ba.

"Uwata," ya ce, "shekara hamsin ina gina bango. Yau bango ya yi mini ƙarya na yarda."

Doktora Salwa ce ta cece mu. Ta ba da haƙuri ta ce laifinta ne da ba ta faɗa ba, sannan ta jawo ni da Nura zuwa wani zagayayyen dutse da aka dasa a tsakiyar daɓen. Ta ce mu tsaya a kansa mu rufe ido ɗaya. Na rufe. Wallahi sai bangon ya buɗe, ginshiƙan suka matso, lambun ya ja da baya, har na ji kamar iska za ta taɓa ni. Na buɗe ɗayan, komai ya koma ya lafe. Nura ya yi ta yi, rufe buɗe, kamar ƙaramin yaro. Ta ce mai zanen ya auna komai ne daga wannan dutsen, kuma ido biyu ne ke tona masa asiri, domin su ne ke gaya wa mutum nisan abu. Wanda ya shigo da ido ɗaya, in ji ta, shi ne ya ga ɗakin yadda mai shi ya yi burin a gan shi. Ta ce ita ta shekara biyu a ɗakin nan, ba ta taɓa samun abin da Hagg ya samu ba. Ko gyaran Hagg ɗin Baba bai yi ba ranar.

Aka kawo kujeru da shayi. Ta ba mu labari cewa masu zanen daga Italiya aka ɗauko su, kuma salon tsoho ne a ƙasarsu, tun ɗaruruwan shekaru manyan gidajensu ke da irin waɗannan ɗakuna da ake buɗe bango da fenti. Tulluwar da Baba ya tambaya a shafe take kamar faifai. Nura ya ɗan ɗaure fuska saboda hoton matar, ya zauna ya ba ta baya. Baba ya lura, ya ce masa shi ma bai taɓa zana mai rai ba kuma ba zai fara da tsufa ba, amma a tambayar masa yadda aka yi launin ya shiga cikin bango haka, don ya shafa bai ji kaurin fenti ba.

A nan hira ta ɓarke. Usta ya ce ba a kan busasshen bango ake yi ba. Ana yaɓa farar ƙasa da yashi daidai inda mai zane zai iya gamawa a yini ɗaya, ya zana tun tana ɗanya, in ta bushe ta riƙe launin ya zama jikinta. In ya yi kuskure babu gogewa, sai dai a fasa a sake. Baba ya buga cinya ya ce ai mu ma haka ne, in yaɓe ya sha iska ya fi ƙarfinka, shi ya sa ba ya amsa sallama in yana fitar da dagi. Doktora ta ɗauko fitila ta haska bangon ta gefe, sai ga siraran layuka inda aikin jiya ya haɗu da na yau. Baba ya bi su da ido yana cewa nan ya tashi da wuri, nan kuma rana ta kusa kama shi.

Ta tambaye shi da me muke kare bango daga ruwa. Ya ce makuba. Nura ya tsaya da fassara, ya ce Baba mece ce makuba. Na zaci ran tsohon zai ɓaci. Sai ya juya kujerarsa gaba ɗaya ya fuskanci ɗansa, ya fara daga itacen ɗorawa, yadda ake tara ɓawon 'ya'yanta, a daka, a jiƙa, a kwaɓa da ƙasa, da irin warin da take yi, da yadda kakanmu ke gane ta nuna. Daga nan ya shiga laso, simintinmu na gargajiya, da katsin marina da gashin jima da ake haɗa shi da su. Nura yana juyawa zuwa Larabci yana tuntuɓe, yana dawowa da tambaya, wasu tambayoyin ma na lura ba Doktora ce ta yi su ba. Ta cika shafi biyu tana rubutu. Tunda nake ban taɓa jin su biyun sun yi magana mai tsawon haka ba.

Kafin mu tafi ta bar shi ya ƙwanƙwasa ƙasan bangon inda babu zane. Ya nuna wuri uku ya ce yaɓen ya rabu da gini. Ta buɗe takardarta, biyu suna ciki da jan alƙalami. Na ukun kuwa Usta ya ce tsohon bututu ne ya bi ta nan. Baba ya ce to, bututun ma a duba shi.

A mota, muna komawa, muka hau wata doguwar gada. Baba yana kallon waje ya ce, kamar da gilashin yake, yaushe likitan nan ya ce a koma. Nura ya ce Talata. Ya ce, "A gaya masa ina zuwa. Idon da za a nuna masa bango a ce lambu ne ya yarda, bai kamata a bar shi shi kaɗai ba." Na juya fuska don kada ya ga abin da ke idona. A ranar Talata Nura ne ya riƙe hannunsa har ƙofar ɗakin aikin, ni aka bari da jaka.

Aiki ya yi kyau. Mun so mu koma ɗakin ya gan shi da ido biyu, amma an fara kankare soron, ƙura ta tashi, likita ya hana. Ana gobe za mu taho Usta ya sauko da saƙo daga Doktora: ƙananan ƙullin garin launi, ja da shuɗi da ruwan ƙasa, da takarda guda da ta zana taga a kai, ta ja layuka daga kusurwoyinta duk suka haɗu a ɗigo ɗaya. Baba ya ba Usta hularsa ta zanna, Usta ya sa ta a karkace ya ƙi cirewa. Sun daɗe riƙe da hannun juna a bakin ƙofa, babu wanda ya nemi tafinta.

Mun dawo lafiya. Baba ya yi sati biyu yana karɓar 'yan sannu da zuwa, duk wanda ya kalla sai ya ce masa ashe ka tsufa. Da likita ya ba shi izinin aiki sai ya sa aka fitar da kayan ɗakin Inna. Ɗakin tsohon gini ne, taga ɗaya gare shi ƙarama, ta yamma. Ya kankare bangon gabas, ya yaɓa farar ƙasa, ya kafa ƙusa a tsakiya ya ɗaura zare yana jan layi kamar yadda takardar ta nuna. Yini guda ya yi a ciki, ko sallama ba ya amsawa. Da la'asar ya kira mu. Taga ce da marfinta a buɗe, a bayanta katanga da reshen dabino da sararin sama.

Gaskiya ba ta ruɗi kowa ba. Marfin hagu ya fi na dama tsawo, shuɗin kuma ya bushe ya yi fari-fari. Na rufe ido ɗaya, na matsa gaba na matsa baya, tana nan dai a bango. Shi ma ya sani. Ya ce ba ta yi zurfi ba, hannun bai saba ba, gobe zai fasa ya shafe wurin. Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon tagar.

Washegari na biya ta gidan kafin in wuce makaranta, na tarar da Baba zaune a tsakar gida da guduma a gefensa, bai taɓa ta ba. Ya nuna mini ɗakin da haɓa. Na leƙa. Inna ta sa an kafa ƙusa biyu, ta ciro labulen leshin nan da ta ajiye a ƙasan akwati tun bikin autarmu, ta rataya wa tagar, ta ɗaure shi gefe guda don kada ya tare hasken.